Ranar haihuwa tana komawa baya da kwana ɗaya a manhajata

Tambaya: Salam malam. Na haɗa wata manhaja da yaren rubuta manhajoji na JavaScript inda mutum ke saka ranar haihuwarsa. Nan Kano komai lafiya lau, amma wani kwastoma a Amurka ya saka 15 ga Janairu ta nuna masa 14. Don Allah ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ina kyautata zaton irin new Date("1998-01-15") ka rubuta, to nan gizo ke saƙar. In ka miƙa wa JavaScript kwanan wata zalla babu awa a jiki, ɗauka take 12 na dare ne a agogon UTC, wato agogon da duk duniya ke auna lokacinta da shi, mu kuma a Najeriya muna gaban UTC da awa ɗaya, sai ya zama ƙarfe 1 na dare, ranar na nan yadda take, shi ya sa kai ba ka ga komai ba. Shi kuwa in a New York yake, lokacin sanyi suna baya da awa 5, agogonsa zai karanta ƙarfe 7 na yammacin 14.

Wani abin da ke ruɗa mutane ma, da ka ƙara awa, wato T00:00, a ƙarshe ba tare da Z (harafin da ke nufin UTC) ba, sai ta koma bin agogon na'urar mai amfani. Rubutu kusan iri ɗaya, fassara biyu.

Ni dai shawarata, ranar haihuwa kar ka mayar da ita Date, wato kwanan wata haɗe da awa na JavaScript, sam. Wanda aka haifa 15 ga wata ko ina ya je a duniya 15 ɗin ce, ba ruwanta da agogo. Ajiye ta yadda ya rubuta, ko a gurbin DATE na rumbun bayananka, ka nuna ta haka.

Lokacin da kuɗi suka shiga ko aka tura saƙo daban ne, wannan kam tsarin ISO 8601, ƙa'idar duniya ta rubuta kwanan wata da awa, za ka bi, da Z ko +01:00 a wutsiya. In kuma mitin ne da za a yi nan gaba, haɗa da sunan yankin kamar Africa/Lagos ko Europe/London, don Landan na tura agogo gaba a Lahadin ƙarshe ta Maris ta dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, mu namu ba ya motsi.

Kafin ka saki gyaran, canza agogon kwamfutarka zuwa New York ka gwada, sannan Tokiyo. A New York da idonka za ka ga 14 ɗin in har bai gyaru ba.