Karen Farautata Yana Ƙoshi Amma Yana Ramewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina da karen farauta mai shekara takwas. Kullum yana cin tuwon masara da ƙanzo har ya bar saura, amma cinyoyinsa sun zube, ƙashin bayansa ya fito, kuma ba ya jure gudu kamar da. Wasu sun ce tsufa ne, wasu sun ce in na saba masa da nama zai yi lalaci ya daina kamu. Ina mafita?
Daga wani mafarauci a Kumo, jihar Gombe

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Karenka yana cika ciki, amma tsokarsa ce ke jin yunwa.

Tsoka ba ta zama wuri ɗaya. Dare da rana jiki yana rushe tsohuwa yana gina sabuwa, kuma da furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin abinci, yake ginin. Akwai sinadarai 10 a cikin furotin da jikin kare ba ya iya haɗawa da kansa, sai ya ci. Jiki yana da rumbun kitse, amma ba shi da rumbun furotin. In abinci ya gaza, sai ya koma kan tsokar cinya da ta baya yana ɗiba, don hanta da jini da garkuwar jiki su ci gaba da aiki. Ramar da kake gani ke nan.

Masara ba ta wuce kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na furotin ba, shi ma ɗin ba cikakke ba ne. Hukumar AAFCO ta Amurka, mai tsara ma'aunin abincin dabbobi, ta sa furotin kashi 18 cikin 100 na busasshen abinci a matsayin mafi ƙaranci ga babban kare. Wannan kuwa na karen da ke kwance a gida ne, ba mai bin zomo a rani ba. Tsufa ma ƙara buƙatar yake yi, domin tsohon jiki ba ya cin moriyar furotin kamar na matashi.

Kare mai kilo 20 yana son kusan giram 50 na furotin a rana, ƙwai ɗaya kuma giram 6 kawai ke cikinsa. Ba sai ka sayi tsokar nama ba. Je wurin mahauta ka karɓi tumbi da huhu, ka haɗa da 'yar hanta kaɗan, ka dafa. Kifin madatsar ruwa ta Dadin Kowa yana da kyau in an zare ƙaya. Wake da ya dahu luguf shi ma yana cike giɓin masara. Kada ka janye tuwon, domin in ƙarfi bai ishe shi ba, furotin ɗin zai ƙone a gudu, tsoka ba ta samu ba. Ka raba abincin safe da yamma.

Ina roƙonka ka kiyaye abu uku: miya mai albasa ko tafarnuwa tana lalata jinin kare, dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji, ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna kuma yana kashe hanta.

Batun cewa nama yana sa lalaci ban yarda da shi ba sam. Ƙiba ce ke sa lalaci, tsoka kuwa da ita ake gudu.

Duk mako ka shafa saman kansa, kafaɗa, gefen ƙashin baya da cinya. Inda ka ji rami a da, ya kamata ya fara cikowa cikin wata ɗaya zuwa biyu. Ka ɗaga leɓensa kuma: in dasashi ya yi fari, tsutsar ciki ko kaska na shan jininsa, abinci kaɗai ba zai gyara ba sai da magani. In kuma yana yawan shan ruwa da fitsari, ko yana amai, kada ka ƙara masa nama tukuna. Kai shi asibitin dabbobi a Gombe a duba ƙodarsa, domin mai ciwon ƙoda abincinsa daban ake auna masa.