Hukuncin leburan da rana ta buga yana azumi

Tambaya: Assalamu alaikum malam, ni leburan gini ne, wuni muke muna ɗaukan bulo da kwaɓa siminti a rana, in azumi ya faɗo lokacin zafi wani sa'in jiri ke ɗibata har idona ya rufe. Dan Allah ya halatta in sha ruwa ko dai in daure?

Amsa: Wa alaikumus salam. Toh ɗan'uwa, wuyar aiki ita kaɗai ba ta isa uzurin da za ka wayi gari ba azumi ba, za ka kwana da niyya kaman kowa, ka yi sahur ka fita. Amma in jiki ya fara ba da alama, jiri, amai, ciwon kai mai tsanani, ƙafa na ɗaurewa, toh ka shiga inuwa ka sha ruwa, bayan sallah ka rama ranar, babu kaffara a kanka. In kuma abin ya kai kana tsoron halaka ko cuta mai tsanani, malaman Malikiyya sun ce shan ya zama wajibi, daurewar ma ita ce laifin, domin Allah ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 29 kada ku kashe kanku.

Kuma wallahi bugun rana ba wasa bane, likitoci sun ce in zafin jiki ya kai digiri 40 mutum ya fara sambatu ko ya rikice to ransa na cikin haɗari, ƙoda ma tana lalacewa da yawan bushewar jiki. Ka dinga duba fitsarinka, in ya yi duhu sosai ruwa ya yi ƙaranci. Wanda ya faɗi a ja shi inuwa, a sassauta mai kaya, a yi ta kwara mai ruwan sanyi ana fifita a garzaya asibiti, kar a ɗura mai ruwa a baki in ba ya hayyacinsa, zai shaƙe.

Masu ba da aiki ku ma akwai haƙƙi a wuyanku. Annabi (SAW) ya ce in zafi ya tsananta a jinkirta azahar har a samu sanyi, sallah fa kenan, ina ga zuba kankare? A hadisin Abu Zarri kuma ya hana a ɗora wa na ƙasa abin da ya fi ƙarfinsu. In zai yiwu ku maida aikin sassafe ko dare, ku tanadi inuwa da ruwa, kar ku zaftare wa mutum kuɗinsa don ya zauna ya huta.

Wallahu a'alam.