Yaya, yaron nan bai yi maka ƙarya ba

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya iyali, ya zafin Kano? Na saurari saƙon muryarka har sau biyu, na biyun wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a mota, inda kake cewa wai yaron nan ya fara koyon damfara a Ingila don ya ce ka turo fam 40 na takardar likita, alhali ni da bakina na taɓa ce maka asibiti kyauta ne a nan. To ni ban yi ƙarya ba, shi ma bai yi ba. Ganin likita kyauta ne, sa hannun likita a takarda kuma sayarwa ake yi.

Ita kyautar ma ba kyauta ce zalla ba, ka tuna kuɗin lafiya da ka biya masa wajen neman biza, fam 776 duk shekara na ɗalibai, ai da shi ya samu shiga tsarin NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati a nan. Daga nan in ba shi da lafiya zai je wajen likitan unguwa, wanda suke ce wa GP, ba kuɗin kati ba kuɗin gwaji. Amma abin da mutanenmu ba su gane ba, ni ma na daɗe a Birmingham kafin na gane, shi ne yawancin likitocin unguwan nan ba ma'aikatan gwamnati ba ne irin na Asibitin Murtala da ke jiran albashi ƙarshen wata. 'Yan kwangila ne. Tun 1948 da aka kafa NHS suka ƙi yarda a mai da su 'yan albashi, sai aka bar su da ɗakunan shan maganinsu, gwamnati na biyansu bisa yawan mutanen da suka yi rajista da su, a ciki za su biya nas da masu karɓar waya da kuɗin wuta. Kwangilar ta duba mara lafiya ce. Wasiƙa zuwa jami'a a ɗaga wa yaro jarrabawa, cike fom na inshora, takardar cewa mai ciki za ta iya hawa jirgi, duk ba sa ciki. Kamar ka ba magini kwangilar katanga ne sai ka ce tunda yana nan ya gyara maka ƙyauren gareji, zai gyara mana, amma da kuɗinsa daban.

Na san za ka ce layi uku ne fa, minti nawa zai ɗauka? Ni ma haka na ce wa matar da ke karɓar mutane a bakin ƙofa ranar farko, ta kalle ni kawai ta miƙo min takardar farashi. Abin da yake, likita a nan ba ya sa hannu sai ya buɗe fayil ɗinka ya karanta, in ya rubuta abin da ba haka ba aka gano, hukumar da ke ba su lasin za ta iya hana shi aiki gaba ɗaya, karatun shekara da shekaru ya tashi a banza saboda takardar wani. Kuma minti 10 suke ba kowane mara lafiya, takardun nan sai an tashi aiki ko a gida ake zama a kansu.

Nan ne ma rigimarmu take mu Hausawan da ke nan. Ka san mu da sanayya, a gida in kana son takardar shaidar lafiya ta shiga makaranta ko ta bautar ƙasa tunaninka na farko waye na sani a asibiti, ɗan wane ne ko mijin wance, a yi waya kafin la'asar an kawo da hatimi. To mun zo da halin nan har nan. Muna da likitoci 'yan gida da yawa, Kanawa da Katsinawa da Zagezagi, in an idar da sallar Juma'a sai ka ga an ja likita gefe wajen takalma, "Dokta don Allah ɗan taimaka min da layi biyu in kai wajen aiki." Shi kuma ya hau ba da haƙuri, ya ce ba kai ne mara lafiyata ba, ban ga fayil ɗinka ba, je ka wajen likitanka. Sai a koma ana gulma wai ya zama bature, ba ya taimakon 'yan'uwa. Da ni ma ina cikin masu jin haushi, yanzu kam tausayinsu nake ji, don wanda ya roƙa ɗin ba shi zai ciyar musu da iyali ba in aka karɓe lasin. Waɗanda suka daɗe a nan sun daina tambaya, sababbin zuwa ne har yanzu suke gwadawa.

Akwai dai waɗanda doka ta hana a karɓi kuɗi a kansu. Takardar hutun rashin lafiya ta wajen aiki kyauta ce in ciwon ya wuce kwana 7, ƙasa da haka kai da kanka za ka cike fom ka ce ba ka da lafiya, in ko mai gidanka ya dage sai ya ga ta likita to wannan ta kuɗi ce. Takardar shaidar juna biyu kyauta, ta dalilin rasuwa ma haka. Sannan tun 2018 kana da haƙƙin a ba ka kwafin fayil ɗinka ba ko sisi, yanzu ma da yawa daga ciki yana manhajar NHS a waya. Da wannan muke kauce wa kuɗin, a buga shafin da ya nuna ranar da aka ga likita da abin da ya samu a kai, wurare da dama suna karɓa.

Ni kaina ban tsira ba. Gwajin lafiya na lasin tasi daga aljihuna nake biya duk lokacin da ya zagayo. Shekarar da na je Hajji allurar sanƙarau da Saudiyya ta wajabta a kemis na yi da kuɗina, don ta tafiya ce ba ta ciwo ba. Zuwana Kano na ƙarshe ma sai da na sayi wasiƙa saboda maganin bayana akwai kodin a ciki, ka san yadda ake ɗaukar kodin a gida tun 2018, ban shirya yi wa 'yan NDLEA dogon bayani a filin jirgin Malam Aminu Kano ba.

Ba wai ina wanke su duka ba ne. Ba farashi ɗaya, kowane likita shi ke yanka nasa, wani fam 20 wani ya haura 50 a kan wasiƙa iri ɗaya, ka biya kuma a ce ka dawo bayan sati biyu ko uku, wannan kam yana ci min rai, musamman a kan ɗalibi ko wanda ba ya aiki. In ka juya fam 40 zuwa naira kuma dole gabanka ya faɗi, na sani.

Na kira yaron jiya na ce ya fara tambayar ofishin ɗalibai ko za su karɓi abin da ya bugo daga manhajar, in sun ce sai wasiƙa to ya biya ya karɓi rasit ya ɗauki hoto ya turo maka. Kar ka wahalar da kanka da zuwa Wapa canji a kan fam 40, zan tura masa daga nan, kai dai in an samu mai tahowa a haɗo min kilishi da yajin nan na Hajiya. A gaida mutan gida.