Faifan da ke cikin akwatin Baba: ya lalace ne ko haka yake?

Tambaya: Salamu alaikum Kawu. Muna gyaran ɗakin marigayi babanmu sai na tarar da faifai uku cikin kwali ɗaya, an rubuta Yessongs a jiki. Zanen kwalin kamar na ƙungiyar mawaƙan Osibisa, to su ma 'yan Gana ne? Kuma da maƙwabcinmu ya sa mana a garmahonsa sai tafi da ihun mutane, waƙa ɗaya ta ƙi ƙarewa, sautin ma a dushe. Ya lalace ne in yar? Ɗanka daga Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan Baba. Don Allah kar ka yar, faifan nan lafiyarsa ƙalau.

Ba 'yan Gana ba ne, Turawan Ingila ne, sunan ƙungiyar Yes, a Landan suka haɗu a 1968. Amma idonka bai yi ƙarya ba, mutum ɗaya ne ya yi zanen, Roger Dean, shi ya zana giwayen nan masu fukafukai a faifan Osibisa na 1971 kafin ma ya fara yi wa Yes aiki, kuma ka san Teddy Osei na Osibisa ɗan Kumasi ne, to abin bai yi nisa da gida ba.

Ihun da ka ji na 'yan kallo ne. Ba a situdiyo aka ɗauka ba, a kan dandamali aka ɗauka lokacin da suke yawon wasa a 1972, ya fito a 1973. Irin kiɗan nasu shi ake ce wa furogiresif rok, ba sa yin waƙar minti uku ta rediyo, akwai wadda ta kai minti 18 ta cinye fuska guda ta faifai, a fara a hankali a hau a sauko a canza kari a tsakiya, kamar yadda makaɗan gargajiya ke juya kiɗa a gidan biki ba tare da sun tsaya ba.

Ni abin da ya sa nake ganin girman faifan nan shi ne a gaban jama'a babu a tsaya a sake, in ka iya ka iya. Mai gangarsu Bill Bruford ya bar su gab da fita wasa, Alan White ya shigo da 'yan kwanaki kacal a hannunsa ya haddace waɗannan dogayen waƙoƙi masu wuyar tsiya, kuma yawancin gangar da kake ji a ciki tasa ce. Ka saurari bes ɗin Chris Squire ma, wato jita mai kaurin murya, yadda yake gurnani a ƙarƙashin jitar Steve Howe, wallahi ko shi kaɗai ya isa a zauna.

Dushewar sauti kuwa gaskiya ce, masoyansu sun daɗe suna wannan ƙorafi, daga wajen ɗauka ne ba daga ajiyar Baba ba. A 2015 an fitar da Progeny, wasanni bakwai na 1972 da aka gyara sautinsu, nemi shi a intanet ka kwatanta.

Ka goge faifan da ƙyalle mai laushi, ka ajiye su a tsaye ba a kwance ba, nesa da rana don zafi yana lanƙwasa su. In wani ya zo taya maka kar ka yi saurin sallamawa, balle in kwalin bai yage ba.