Tsohon gida, sawun ruwa ake fara bi

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa tun da muka shiga gidan nan na unguwar Bagalam a Maraɗi ba mu fasa ko buhu guda na siminti ba, alhali mai gidan ya ƙagu ya ga fenti da tayil, kuɗi kuma na hannunsa. Na san abin da ke ranka: kana ganin ni maigidanka ina jan aiki. To saurara. Gidan da ya shekara goma sha wani abu a rufe, ba tsufa ne ya lalata shi ba, ruwa ne. Duk tsagewar da ka gani, duk yaɓen da ya zube, duk azarar da ta lanƙwashe, in ka bi sawu za ka tarar da ruwa a ƙarshensa. Wanda ya soma ado bai kori ruwa ba, gyaran gangar Auzinawa ya yi, kuma watan Agusta zai tona masa asiri.

Mutanen garin nan ba sa buƙatar a yi musu wa'azi a kan haka. A 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya cinye tsohon gari da ke cikin fadama, shi ya sa aka tashi aka hau tudu. Ruwan da muke samu a shekara bai taka kara ya karya ba, kusan milimita 500 ne, amma yana zubowa ne cikin wata uku zuwa huɗu, wani lokaci sama guda ta sauke abin da zai cika tsakar gida cikin awa ɗaya. Ƙasarmu kuma jigawa ce, rairayi, ruwa na kwashe ta daga ƙarƙashin gini ba tare da ka gani ba.

Shi ya sa na sa ka sare ciyawa, ka kwashe shara, ka buɗe kowane ɗaki ya sha iska, ba don komai ba sai don gidan ya nuna mana jikinsa. Ka kuma ga dalilin da na hana ka zura hannu ƙarƙashin tulin tubali: kunama da maciji sun riga mu tarewa.

Yanzu dubi ƙofar gida da kyau. Ka lura sai ka sauka taki guda kafin ka shiga zaure? Da aka gina shi ba haka yake ba. Shekara da shekaru rairayi na taruwa a titi, maƙwabta na zuba birji a ƙofofinsu, titi ya tashi, gida ya zauna a rami. Rariyar da aka yi don ta fitar da ruwa, yau ita ke shigo da shi. Wannan ne babban ciwon gidan, kuma ido ba ya auna shi daidai. Za mu ɗauki siririn tiyo mai nuna cikinsa, mu cika shi da ruwa, kai ka riƙe baki guda a bakin titi, ni in riƙe guda a ƙuryar tsakar gida, mu ja layi a bango inda ruwan ya tsaya. Daga layin nan ne za mu san yawan cikon da ake buƙata. Ina son tsakar gida ta gangara zuwa rariya da kamar santimita 2 a kowace mita. In ciko zai sa ɗakuna su koma ƙasa da tsakar gida, sai an ɗaga daɓensu, a ɗaga ƙofofi. Ka gane me ya sa tayil bai zo ba tukuna? Da mun shimfiɗa shi, da binne shi za mu yi.

Daga nan sai sama. Hau soron can, amma ka bi gefen bango, kada ka taka tsakiya. Indararon gabas ya karye, ruwa ya daɗe yana bin bango maimakon ya faɗa nesa, ga kwarin da ya yanka har ƙasa. Kullum ka fara duba gabas, don daga can hadari ke taso mana, bangon gabas ne ke shan duka. Azara kuwa, sai ka bi ta ɗaya bayan ɗaya da guduma. Ta giginya ta kirki tana amsawa da ƙara mai tauri, gara ba ta cika iya mata ba. Amma inda kanta ya shiga bango ya daɗe cikin danshi, a wurin take ruɓewa, tsakiyarta lafiya lau, kanta gari. Soka wuƙa a wurin. In ta shige kamar yatsa biyu, a sauke azarar. Mai kyau kada ka bari a yi itacen wuta da ita. Irin wannan azarar yanzu nemanta sai an sha wuya.

Ɗakuna biyu na bulo da aka ƙara daga baya, nasu ciwon daban. Tol ɗin, wato kwanon rufi, ya yi tsatsa a bakin ƙusoshi, wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna shi ne kankaren da ke kan taga, inda ka ga rodi ya leƙo ja wur. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake, ya fasa kankare daga ciki. Ba a lulluɓe shi da siminti a wuce. A fasa har a kai inda ƙarfen ke da lafiya, a kankare tsatsar, in ya sirance a ƙara sabo.

Tsagewar bango ma ba duka ɗaya ba ce. Akwai wadda ta mutu, akwai mai rai. Ɗauki ɗan kwaɓi marar kauri ka manna a kanta kamar faɗin tafin hannu, ka rubuta kwanan wata a gefe da gawayi. In bayan mako uku ko huɗu mannin ya tsage, bango na tafiya, matsalar tana tushe, sai an tona. In bai motsa ba, sai a buɗe ta, a jiƙa, a cike. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga, ta fi faɗi a sama, ita na fi tsoro.

Ga abin da nake so ka riƙe ko bayan raina. Mai gida zai ce a yaɓe bangon ƙasa da siminti don ya yi kyau. Siminti da ƙasa ba sa riƙe juna: shi tauri gare shi, ita tana shan danshi tana saki. Ruwa na samun ƴar kafa ya shiga bayansa, ba hanyar fita, ƙasa ta jiƙe a ɓoye. Ƙwanƙwasa bangon zauren nan ka ji, ƙarar fanko yake yi, wani ne ya taɓa yi masa haka. Magabata da makuba suke gama yaɓe, daga ɓawon ɗorawa, bango na korar ruwa kuma yana numfashi. In mai gida ya nace sai siminti, to a kafa ƙusoshi da ragar waya, a yi shi sirara, a gaya masa gaskiya cewa zai riƙa neman kulawa. Ni dai na fi son a kashe simintin a gindin bango, a yi masa dakali mai gangara, don nan ne ruwan da ke faɗuwa ke fantsama yana ci. Simintin masana'antar Malbaza ne ko wanda aka shigo da shi, buhu kilo 50 ne, kuma kowanne sai an ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. A zafin Afrilu, in ka yi sakaci rana guda, ya ƙone.

Tsohuwar salga da rijiyar bayan gida, kada ka kusance su kai kaɗai. Murfin salga kan rufta da mutum. Rijiyar da ta daɗe a rufe kuma ba a shiga sai an zura fitila mai wuta an ga ba ta mutu ba. Sabuwar salga za mu nisanta ta da rijiya, mita 15 shi ne mafi ƙanƙanta.

Lambun kuwa, na ji kana cewa a share shi ƙaf a sayo dashe. A'a. Ƙarangiya da tumfafiya da rai-ɗore su tafi, dogon yaron da ya jingina da katanga shi ma dole ya faɗi, don saiwarsa ce ta ɗaga tushen. Amma kututturen da suka tofo, duba su tukuna. Manoman jaharmu tun shekarun 1980 suke sassaben zamani: ka zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, ka datse sauran, saiwar da ta daɗe a ƙasa ta ɗaga su da saurin da dashe ba zai yi ba. Lemun tsamin can da magaryar kusurwa haka za mu yi musu. Mangwaron tsakiya a cire masa busassun rassa da kauci, a yi masa kwari a zuba taki, a bar shi damina guda a ga abin da zai yi.

Sabon dashe sai Yuli, in ruwa ya zauna, kuma sai mun gama kwaɓi, don inda aka kwaɓa siminti shuka ba ta jin daɗi. Ramukan dai a tona su tun rani, a cika da ruɓaɓɓen taki. Ɗanye gara yake kira. Mangwaro ya nisanci bango da mita 5 ko fiye. Zogale a jera shi inda ruwan alwala ke gangarawa, cikin ƴan watanni uwargida ta fara tsinka. Ruwan indararon yamma ma lambu za mu karkatar da shi maimakon titi.

Rufi da rariya da gindin bango, su nake so mu gama kafin hadarin farko na Yuni. Wayar wuta duk sabuwa za a ja, ɓera ya gama da tsohuwar, kuma aikin mai lantarki ne, a kira shi kafin yaɓen ciki don kada ya zo yana fasa mana. Gobe ka zo da tiyo da gawayi da guduma, ka kuma biya ka shaida wa mai amalanke muna son birji, ba rairayi ba.