Tambayoyinku: Wai da gaske akwai tsohon masallaci a tsakiyar hamadar Ostireliya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah na ji ana cewa wai masallacin farko a Ostireliya ba a birni yake ba, a wani ɗan ƙauye ne can cikin hamada. Gaskiya ne kuwa? Su waye suka gina shi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, gaskiya ne. Sunan garin Marree, a jihar Kudancin Ostireliya, sama da kilomita 600 arewa da birnin Adelaide, yanzu mutanen cikinsa ma ba su kai 200 ba. Ƙasar 'yan asali ce, irin su Arabana da Dieri. Da Turawa suka zo sai suka kira wurin Hergott Springs, lokacin yaƙin duniya na ɗaya aka canza sunan saboda na Jamusawa ne.

Waɗanda suka gina masallacin kuwa masu raƙuma ne, Musulmi daga Afganistan da Baluchistan da Punjab, amma kowa "Afghan" ake ce masa. A 1866 wani attajiri Thomas Elder ya shigo da raƙuma sama da 100 tare da masu kula da su, don doki ba ya iya ƙishin wannan sahara. Da layin dogo ya iso garin a 1884, daga nan ayari ke ɗaukar kaya zuwa Birdsville da sauran lunguna su dawo da ulu, tafiyar makonni cikin rana mai narka mutum, ga unguwarsu an ware musu daban a gefen gari, a nan suka yi masallacinsu na laka suka shuka dabino.

Abin da ke taɓa min zuciya shi ne yadda aka yi da su. Dokar 1901 ta toshe wa wanda ba Bature ba shigowa ƙasar, motoci suka zo a shekarun 1920 sana'a ta mutu, da yawa suka saki raƙumansu a daji, shi ya sa har yau Ostireliya ke fama da raƙuman jeji. A 1980 kuma aka karkatar da layin dogon, gari ya yi tsit.

Masallacin da ke tsaye yanzu sake ginawa aka yi a kan fasalin na da. Jikokinsu na nan, suna haɗuwa a Marree lokacin tseren raƙuma, kuma jirgin ƙasan da ke ratsa ƙasar daga Adelaide zuwa Darwin sunansa The Ghan, saboda su.