Kullum muna hanyar asibiti da Mama, kuma gwajin jini ɗaya ake ta maimaitawa

Tambaya: Assalamu alaikum likita, dan Allah ina neman shawara akan mahaifiyata. Tana da ciwon suga da hawan jini, kwanan nan kuma aka ce ƙodarta ta fara taɓuwa. Yanzu an haɗa mu da likitan suga da na ƙoda da na ido, kowa da ranarsa, wani satin sau biyu muke shiga Kano daga garinmu, kuma duk zuwa sai an ɗebi jini, gwajin ƙodar nan kaɗai an yi shi sau uku a wata ɗaya. Kuɗin mota ya cinye mu, ita ma ta gaji har ta fara cewa a ƙyale ta. Wai dole ne sai an yi ta maimaitawa? Kuma ya zan yi in haɗa ranakun?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri, dan jinyar uwa da zirga-zirga irin wannan ba ƙaramin aiki bane.

Bari in fara da gwajin ƙodar tunda shi ya fi damunki. Abin da ake aunawa a jinin sunansa kiriyatinin, wani datti ne da ƙoda take tacewa, in ta yi rauni sai ya taru. To shi rizal ɗaya ba ya gaya wa likita abu mai yawa, abin da muke kallo shi ne ina lambar ta dosa, hawa take yi, sauka take yi ko tana tsaye. Zazzaɓi ko gudawa ko ƙarancin ruwa a jiki duk suna iya ɗaga ta na ɗan lokaci, shi yasa ba a cewa mutum yana da ciwon ƙoda mai daɗewa sai matsalar ta wuce wata 3 tana nan. Sannan in an ɗora ta akan maganin hawan jini irin lisinopril ko losartan, ko an ƙara mata yawansa, ƙa'ida ce a sake duba kiriyatinin da fotasiyam (wani sinadari ne a cikin jini) bayan sati 1 zuwa 2, saboda maganin yana kare ƙoda amma a wasu mutanen yana ɗaga fotasiyam, shi kuma in ya yi yawa zuciya yake taɓawa kuma sau da yawa mutum ba ya jin komai. Kinga irin wannan maimaicin ba ɓarnar kuɗi bane, kar ki tsallake shi.

Amma akwai maimaicin da gaskiya bai da amfani, kuma yawanci dalilinsa ɗaya ne, likitan da ke gabanki bai ga takardar da aka yi jiya ba. Likitan suga ya rubuta gwaji ranar Litinin, ranar Alhamis kun je wajen na ƙoda, fayil bai iso ba ko rizal ɗin yana gida, shi kuma ba zai canja magani da ka ba, sai ya sake rubutawa. Misali HbA1c, gwajin da ke nuna yadda sugan ya kasance a watanni 2 zuwa 3 da suka wuce, in an yi shi wannan watan sake shi bayan sati biyu ba abin da zai ƙara. Rukunin jini da jinotayif kuwa ba sa canjawa har abada.

Dan haka abin da nake so ki gane shi ne, a duk cikinmu ke kaɗai ce kike ganin jinyar nan gaba ɗayanta, kowane likita ɓangarensa yake gani. Ki samu jaka ɗaya ta roba ki zuba duk rizal da hotuna bisa jerin kwanan wata, ki ɗauki hoton kowanne a waya tun kafin ki miƙa shi a saka a fayil, dan wanda ya shiga fayil ba lallai ki sake ganinsa ba. A littafi guda ki ja layi, kwanan wata, kiriyatinin, fotasiyam, suga, awon hawan jini na ranar. Wallahi likita in ya ga shafin nan cikin minti ɗaya ya fahimci abin da zai ɗauke shi dogon lokaci yana bincike. Magungunan ma ki zo da su a kwalayensu, har na gargajiya da na ciwon jiki da ake saya a kemis, diclofenac da ibuprofen suna cutar da ƙoda mai rauni kuma mutane ba sa ɗaukarsu a matsayin magani balle su faɗa.

In an miƙo miki takardar gwaji ki tambaya cikin ladabi, likita an yi wannan ranar kaza ga rizal ɗin, ya isa ko sai an sake? Kuma yaushe kake buƙatarsa? Ba rashin kunya bane, mu ma mun fi son haka. Ki gaya masa daga nesa kuke zuwa, dan in bai sani ba zai ba ku rana kamar kuna bayan asibitin ne. Kilinik na ƙwararru kowanne da ranakun zamansa a sati, ba koyaushe ake iya haɗa biyu rana ɗaya ba, amma nas ɗin kilinik da masu kati sun san jadawalin, su za ki tambaya ko akwai ranar da biyu suka haɗu ko suke jere ku kwana ɗaya a gari. Jinin kuwa ana iya haɗa takardun likita biyu a ɗiba sau ɗaya, kwana kaɗan kafin ranar ganin na farko, sai ki kai wa kowa kwafi.

Ki yi ƙoƙari ku tsaya a lab ɗaya. Wani lab yana rubuta suga da mmol/L wani da mg/dL, 7 a na farko shi ne 126 a na biyu, in ba ki lura ba sai hankalinki ya tashi a banza.

Ranar gwajin suga na kafin karin kumallo awa 8 ake so ba ta ci komai ba, amma ruwa ta sha abinta, musamman da zafin nan da doguwar tafiya. Abin da nake tsoro shi ne a ba ta maganin suga irin glibenclamide ko insulin da asuba sannan ta zauna a layi har hantsi ba abinci, sugan zai iya faɗuwa ta fara rawar jiki da gumi har ta suma. Ki tambayi likitan suganta yadda za a yi da maganin safen ranar, ki kuma riƙe abinci a jaka ta ci da zarar an ɗebi jinin. Gwajin ƙoda shi ba sai da azumi ba. Ranar ido kuma za a iya ɗiga mata maganin buɗe ƙwayar ido, ganinta zai yi dishi-dishi na wasu awanni, kar ki bar ta ta koma ita kaɗai.

Maganar da ta yi cewa a ƙyale ta, ki faɗa wa likita a gabanta. Yawanci farkon nan ne ranakun suke matsewa, in lambobin suka tsaya wuri ɗaya ana tazarar da su zuwa wata 3 ko fiye, awon hawan jini da suga na tsakani kuma a yi a asibitin garinku. In dole sai kun ɗaga wata rana, ki bari likita ya zaɓi wacce za a ɗaga, kar ki zaɓa da kanki. In kuwa kika ga fitsarinta ya ragu sosai, ƙafa da fuska sun kumbura, numfashi yana mata wuya in ta kwanta, ko tana ta amai ko ta rikice, kar ki jira ranar da aka ba ku, ku wuce sashen gaggawa a ranar da jakar takardun a hannunki.